Yaron da ba ya magana: wa ya ba da izinin a yi bincike a kansa?

Ɗan ƙanwata shekararsa bakwai, amma har yau kalmomin da yake furtawa ba su kai ashirin ba. Da an tayar da injin markaɗe a layinsu da ke Tudun Wada sai ya toshe kunnuwa ya shige bayan ƙofa. Yana iya wuni yana jera murafan kwalba, ja a gefe, kore a gefe, kuma duk wanda ya gusar masa da ɗaya ya jawo kukan awa guda. An ce ɗan ruwa ne. An ce iska ce ta shafe shi tun yana ciki, wai don uwar tana fita da almuru. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Sai da ya shekara biyar wani likita ya faɗa mana sunan abin: otizim, larurar da ke shafar yadda yaro yake magana da mu'amala da mutane. A kafafen labarai na Hausa an fi cewa galahanga, sai dai kalmar ta zama buhun da muke zuba larurori iri-iri waɗanda ba su haɗa komai da juna ba.

Bara wasu mutane suka je makarantar da ake kai shi, suka ce bincike suke yi. Suka miƙa wa iyaye takarda mai shafi huɗu da Turanci, suka yi tambayoyi, suka ɗauki bidiyon yaran, suka ba kowace uwa kuɗin mota. Da dare ƙanwata ta kira ni. "Yaya, sun ce don a taimaki irin yaranmu ne, shi ya sa na sa hannu. Ban yi laifi ba ko?" Na ce ta karanta takardar? Ta ce, "Ina fa, Yaya. Da Turanci ce, ga malamar makarantar tana tsaye a kaina." Ba a ba ta kwafi ba. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ni ina cikin masu son a yi bincike a kan otizim a Arewa, kuma ina son a yi shi da yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. A Amurka, inda ake tantance yara tun suna ƙanana, alƙaluman 2022 sun nuna 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara takwas. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, makarantar firamare mai yara dubu a Rigasa ko Kawo a nan Kaduna ya kamata a ce tana da kamar goma. Ina suke? Da yawansu suna ƙuryar ɗaki, wasu suna bayan aji ana ce musu dolaye, wasu kuma an kore su tun a makon farko.

Mafi yawan abin da duniya ta sani game da wannan larura daga yaran Amurka da Turai aka samo shi, kuma ma'aunin da aka yi a can ba kullum yake zama daidai da mu ba. Cikin abubuwan da likita ke dubawa akwai ko yaro yana kallon mutum ido cikin ido. To a gidan Bahaushe yaron da ya ƙura wa babba ido shi ake cewa ba shi da kunya, mai sunkuyar da kai kuwa shi ne mai tarbiyya. Yarinya mai otizim da take zaune shiru a lungu, ba ta kallon kowa, ba ta shiga cikin 'yan gaɗa, sai a yi ta yabon natsuwarta har ta girma ba wanda ya gane komai. Ana kuma tambayar uwa ko yaro yana amsawa idan ta kira sunansa, alhali akwai uwar da ba ta taɓa furta sunan ɗanta na fari ba saboda alkunya, kuma yaron yana da sunan da kaka ke kiransa, da na dangin uba, da na unguwa. Irin wannan gyara sai wanda ya tashi cikin al'adar zai iya yin sa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa likitocinmu na asibitocin Shika da Barau Dikko da Barnawa su shiga aikin gadan-gadan.

Amma tarihin binciken otizim ba tsaftatacce ba ne, kuma ya kamata iyaye su san haka kafin su ɗauki biro. Leo Kanner ne ya fara bayyana larurar a Amurka a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Ba a daɗe ba wasu masana suka ɗora laifin a kan iyaye mata, wai rashin nuna wa jariri ƙauna ne yake jawo ta. Bruno Bettelheim ya yayata wannan ra'ayi sosai, mata suka kwashe shekaru suna kuka da zargin kansu a kan abin da ba su yi ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma duk wanda ya ji yadda dangin miji ke cewa "daga wajenta ne" ya san dukan bai ƙare ba. Hans Asperger na Austriya kuwa, wanda aka daɗe ana kiran wani nau'in larurar da sunansa, a 2018 masanin tarihi Herwig Czech ya fito da takardun da suka nuna ya tura yara asibitin Am Spiegelgrund, inda aka kashe yara kusan 800 a zamanin 'yan Nazi.

Wanda ɓarnarsa ta fi bazuwa shi ne wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield. A 1998 ya wallafa nazari a mujallar The Lancet a kan yara 12 kacal, ya jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda tana da hannu a otizim. Daga baya aka gano yana karɓar kuɗi daga lauyoyin da ke shirin ƙarar kamfanonin rigakafi bai faɗa ba, kuma an yi wa yaran gwaje-gwaje masu zafi, har da zuƙar ruwan ƙashin baya, ba bisa ƙa'ida ba. A 2010 mujallar ta janye nazarin, aka kuma soke lasisinsa a Birtaniya. A 2019 wani bincike a Denmak ya bi yara fiye da 650,000, bai ga wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Duk da haka ƙaryar tana nan tana yawo a WhatsApp, yanzu ma da muryar Hausa.

Mu kuma muna da namu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da nan Kaduna, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Mai binciken da ya yi wa uwa ɗaya rufa-rufa a Tudun Wada ya sani cewa yana toshe ƙofar da likitoci goma masu gaskiya za su zo su ƙwanƙwasa bayansa.

Dokoki ba su muka rasa ba. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, wanda ya wajabta kwamitin ɗa'a ya duba duk wani bincike kafin a fara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce sai an sanar da mutum manufar bincike da abin da ka iya biyo baya, sannan ya amince a rubuce, idan yaro ne kuma iyayensa su amince. To amma sa hannu a kan takardar da ba ka iya karantawa, a gaban malamar da kake tsoron ta kori ɗanka, wannan ba yarda ba ce. Yarda ita ce a karanta wa uwa da Hausa, a bar ta ta je gida ta yi shawara da mijinta, a tabbatar mata in ta ƙi ba abin da zai taɓa karatun yaron. Shi ma yaron yana da bakin magana ko da ba ya furta kalma. In ya ture hannunka, in ya ɓuya a ƙarƙashin tebur, in ya fara buga kansa da bango, ya ce a'a ke nan. Wanda ya danne shi don ya ƙarasa cika fom ya ci amana.

Inda na fi jin tsoro shi ne binciken ƙwayoyin gado. Wani babban nazari na 2019 da ya haɗa yara fiye da miliyan biyu a ƙasashe biyar ya nuna gado ne yake ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na yiwuwar samun otizim. Saboda haka masana na son yawu da jinin iyalai, kuma na Afirka ya yi ƙaranci a rumbunansu, don haka za su zo. A Birtaniya, a 2021, Jami'ar Kambirij ta ƙaddamar da shirin Spectrum 10K don tattara ƙwayoyin gadon masu otizim 10,000. Cikin 'yan makonni aka dakatar da shi, domin masu larurar da kansu suka tashi suna tambayar wa zai riƙe bayanan, kuma ko wata rana za a yi amfani da su a hana haihuwar irinsu. Su can suna da ƙungiyoyi da lauyoyi da 'yan jarida. A nan, inda ake binciken asali kafin aure, inda auren zumunci ya haɗa gidaje, kalma ɗaya ta fita cewa "abin a jininsu yake" ta isa ta hana 'yan matan zuri'a guda samun miji. Yawun yaro ɗaya sirrin dangi ne gaba ɗaya, kuma ba na jin wani fom mai shafi huɗu ya taɓa yi wa wata uwa wannan bayani.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: binciken me? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da za a tara iyaye a Unguwar Rimi ko Sabon Tasha a tambaye su, ba sunan ƙwayar gado za su nema ba. Za su ce a koya musu yadda yaro zai nuna yana jin ƙishirwa ko yana son bayan gida. Za su tambayi yadda za a yi da rashin barci, da yaron da abinci kala biyu kawai yake ci, da farfaɗiyar da take yawan zuwa tare da larurar, da yaron da ke sulalewa ya fita titi. Manyan masu otizim da ke iya bayyana kansu, ga su nan a jami'o'i da kasuwanni da ofisoshi, su ya kamata a fara zaunarwa a kwamitin da ke tsara tambayoyin.

Rashin amsar waɗannan tambayoyi shi ne kasuwar 'yan damfara. Babu maganin da ke warkar da otizim, na asibiti ko na gargajiya. Magungunan da likita kan rubuta na rage tsananin fushi ne ko farfaɗiya ko rashin barci. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar da aka kai Amurka daga Ingila ya mutu a jihar Fensilbaniya ana yi masa wata allurar "wanke ƙarfe daga jini" da aka ce tana warkarwa. Mu namu salon ya bambanta: kwalbar tsimi mai tsada, dukan fitar da aljani, azumin dole a wajen addu'a, ko gidan mari. Kowa a garin nan yana tuna Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da yara. Yaron da ba a gane halinsa ba, wanda aka yi wa laƙabi da kangararre, irin wannan ƙofa ce take jiransa. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi wa ɗan ƙanwata tofi. Addu'a daban, bulala daban.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Sai dai idan aka ce nakasa, tunaninmu yana tsayawa a kan keken guragu da sandar makaho. Wanda larurarsa ba a ganin ta da ido sai ya faɗo ta tsakiya. Abin da yake buƙata ba mai wuya ba ne: ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da za ta yi wa uwa 'yan tambayoyi ranar awon ɗan wata 18, malamin aji da ya san toshe kunne ba rashin kunya ba ne, masu koyar da magana da talaka zai iya kaiwa gare su, da liman ko fasto da zai hau mumbari ya ce wannan ba shafar aljani ba ce. A watan Afrilun 2025 mun yi murna da Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, matashi mai otizim ɗan shekara 15, da aka baje zanensa mafi girma a duniya a Dandalin Eagle da ke Abuja. Ya cancanci yabo. Amma mafi yawan yaranmu ba za su shiga kundin Guinness ba, kuma bai kamata sai yaro ya nuna baiwa sannan a ba shi kujera a aji ba.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da 'yan katuna da uwarsa ta manna wa hotuna: kofi, buta, tabarma, ƙofa. Wata uwa ce ta koya mata a layin asibiti, ba masu binciken ba. In yana son ruwa sai ya ɗauko katin kofi ya sa mata a hannu, kuma kukan gidan ya ragu sosai.

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ƙanwata damar janye amincewarta ta kuma nemi a goge bayanan ɗanta. Mun koma makarantar neman lambar mutanen, aka ce ba a ajiye ba. Bidiyon da suka ɗauka ranar, lokacin da aka raba shi da murafansa yana birgima a ƙasa yana ihu, yana nan a kwamfutar wani, kuma ita so take a goge shi.