Amurka da taura biyu: me zai fara ƙarewa?

Duk sanda aka taso da zancen ko Amurka za ta iya yaƙar Sin a kan Taiwan alhali tana fafatawa da Rasha ko Iran a wani fagen, sai ka ga an ɗauko kasafin kuɗi an kafa hujja da shi: ai sama da dala biliyan 800 take kashewa a tsaro duk shekara, wa zai ja da ita? Ni a ganina ba nan gizo yake saƙa ba. Amurka na iya buɗe fage biyu a rana ɗaya, wannan babu musu. Rauninta yana mako na uku da na huɗu, lokacin da abin da aka loda ya ƙare, aka koma rumbu neman ƙari.

Su kansu masu tsara mata dabarun tsaro sun daɗe suna ja da baya. A 1993, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, sakataren tsaro Les Aspin ya auna girman rundunar bisa yaƙi biyu a lokaci guda, ana hangen Iraƙi da Koriya ta Arewa. A 2012 gwamnatin Obama ta sassauta: a ci yaƙi ɗaya, a ɗayan kuma a hana abokin gaba cimma burinsa. A 2018, zamanin sakataren tsaro Jim Mattis, aka koma yaƙi ɗaya tak da babbar ƙasa, sauran wuraren a tsaya ga razanarwa. Sai a Yulin 2024 kwamitin da majalisar dokokin ƙasar ta naɗa ƙarƙashin Jane Harman ya fito ya ce wannan ma'aunin bai isa ba.

Akwai masu cewa ai yaƙin Turai na ƙasa ne, na tankoki da igwa, na Taiwan kuwa na ruwa da sama ne, don haka kowane fage da kayansa. Da gaskiyarsu a wani ɓangare, tankar Abrams ba ta da aikin yi a mashigin Taiwan. Amma akwai 'yan kayayyakin da fagagen biyu za su nema a sa'a ɗaya, kuma su ne mafi ƙaranci.

Na farko, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne makaman kakkaɓo makamai masu linzami. A 2024 kamfanin Lockheed Martin ya ƙera 'yan sama da 500 na samfurin Patriot mafi sabunta, kuma ba na Amurka kaɗai ba ne, akwai Yukren da ƙasashen Turai da na yankin Gulf a layi. A ƙa'ida, guda biyu ake harba wa makami ɗaya don kada a kuskure. Ke nan aikin shekara guda zai tare makamai kusan 250. To, Iran ta harba wa Isra'ila kimanin 180 a dare ɗaya, ranar 1 ga Oktoba 2024. A yaƙin kwana 12 na Isra'ila da Iran a Yunin 2025, rahotanni sun ce Amurka ta harba makaman kakkaɓo samfurin THAAD sama da 100, kusan rubu'in abin da ta tara, alhali abin da take karɓa daga masana'anta a lokacin bai wuce 11 ko 12 a shekara ba. Iran ce fa wannan. Rumbun makaman Sin ya ninka nata nesa ba kusa ba, kuma sansanonin Kadena a Okinawa da na tsibirin Guam duk suna cikin zangonsu.

Ɗauke makamin daga wani fage zuwa wani ma aiki ne ja. A Afrilun 2025 Admiral Samuel Paparo, kwamandan yankin Fasifik, ya shaida wa majalisa cewa kwashe bataliyar Patriot guda ɗaya daga yankinsa zuwa Gabas ta Tsakiya ya ci sawu 73 na jirgin dakon kaya C-17. Jiragen nan 222 ne a hannun sojan saman ƙasar, kuma tun 2015 aka rufe masana'antarsu. Wanda ya faɗi ya tafi ke nan.

A kan ruwa ma haka zancen yake. Jirgin yaƙi samfurin Arleigh Burke yana da ramukan harbi 90 zuwa 96, a ciki ake raba na kare kai da na kai hari. In sun ƙare, ba a sake loda su a tsakiyar teku, sai jirgin ya bar fage ya nemi tashar da ke da ƙugiyar ɗaga kaya, tafiyar kwanaki da dawowar kwanaki. Sai a Oktoba 2024 aka gwada lodawa a kan teku da jirgin USS Chosin, kuma gwaji ne kawai. A Bahar Maliya, tun Oktoba 2023, an yi ta harba makamin kakkaɓo na SM-2 mai kusan dala miliyan 2 kan jiragen 'yan Huthi marasa matuƙi waɗanda kuɗinsu bai wuce 'yan dubbai ba. Ba tsadar ce ta fi ciwo ba, kowane guda da aka harba a gaɓar Yaman an rage shi ne daga kason Taiwan.

Ana yawan alfahari da manyan jiragen ruwa 11 masu dakon jiragen yaƙi. Amma a kowane lokaci kusan sulusi ne ke bakin aiki, sulusi na atisaye, sulusi na wurin gyara. Sauya wa guda ɗaya makamashin nukiliya yakan ci shekara huɗu, a tashar ƙera jiragen ruwa ta Newport News kaɗai ake yi, na USS George Washington ma ya kusa shekara shida. A ƙarshen Agustan 2024 aka tara jiragen Theodore Roosevelt da Abraham Lincoln a Gabas ta Tsakiya saboda Iran, yammacin Fasifik ya yi makonni babu ko ɗaya. Tashoshin gwamnati masu gyaran jiragen nukiliya huɗu ne rak, shi ya sa a 2023 kusan kashi 40 cikin 100 na jiragen ƙarƙashin teku masu kai farmaki suna wurin gyara ko suna jiran layi. Wannan a zaman lafiya ne, ba a huda ko ɗaya da makami ba.

Cibiyar nazari ta CSIS da ke Washington ta kwaikwayi yaƙin Taiwan a wasan gwaji sau 24, ta fitar da sakamako a Janairun 2023. A mafi yawansu an hana Sin cin tsibirin, amma Amurka ta rasa manyan jiragen ruwa biyu masu dakon jiragen yaƙi da sojoji kusan 3,200 cikin mako uku, makamanta masu dogon zango na nutsar da jiragen ruwa kuma suka ƙare a makon farko. Lissafin fage ɗaya ke nan.

Za a ce ai a Yaƙin Duniya na Biyu ta yaƙi Jamus da Japan tare. Haka ne, amma ko a lokacin sai da ta zaɓi ta fara da Jamus, kuma ita ce masana'antar duniya: jiragen dakon kaya na Liberty sama da 2,700 ta ƙera. Yau Sin ce ke ƙera kusan rabin jiragen kasuwancin duniya. Manyan kamfanonin makaman Amurka sun ragu daga 51 zuwa 5 tun shekarun 1990. Injin rokar da ke tura kusan duk makaman da na ambata, kamfanoni biyu ne suka riƙe shi, Northrop Grumman da Aerojet Rocketdyne. In nan ya cushe, ko an zuba kuɗi ba abin da zai fito. Harsashin igwa mai milimita 155 ya nuna haka ƙarara: kafin 2022 kimanin 14,000 ake yi a wata, abin da Yukren kan harbe cikin 'yan kwanaki, kuma bayan shekara biyu da biliyoyin daloli sai kusan 40,000 aka kai, burin kuwa 100,000 ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage mata a fili yake, ko da bai yi wa 'yan siyasarta daɗi ba. Turai ta ɗauki nauyin yaƙin ƙasa da harsasanta. A riƙa kakkaɓo jirage marasa matuƙi da ƙananan rokoki masu araha irin APKWS, kamar yadda jiragen F-16 suka fara yi. A kai gyaran jiragen ruwa Koriya ta Kudu da Japan, kamar yadda kamfanin Hanwha Ocean na Koriya ta Kudu ya karɓi jirgin Wally Schirra a 2024. A ba masana'antu kwangilar shekaru da yawa, don ba wanda zai gina layi ya horar da masu walda kan odar shekara ɗaya.

Damuwar ita ce lokaci. A 2023 shugaban CIA William Burns ya ce Xi Jinping ya umarci sojansa su kasance a shirye kan Taiwan nan da 2027. Ita kuwa Amurka tun shekarun 1980 ta daina yin sinadarin TNT a gida, daga Polan take sayen mafi yawansa, kuma sai a Nuwamban 2024 ta ba da kwangilar gina sabuwar masana'anta a jihar Kentucky, aikin da zai ci shekaru kafin a cika harsashi ɗaya da shi.