Cajin da ake ɗora maka bayan an gama ciniki

Wata ɗabi'a ta zauna daram a kasuwanni da shagunan Legas, har mun daina ganinta a matsayin laifi. Za a yi ciniki, a daidaita, a ce Allah ya sa albarka, sai ka zaro katinka mai kaya ya ce maka, "Idan da kati ne akwai caji." Wani ma ba zai faɗa ba, zai danna kuɗin a na'ura da ƙarinsa ya miƙo maka ka sa lambar sirri. Sai alat ya shigo ka ga kayan dubu goma sha biyu sun koma dubu goma sha biyu da ɗari uku. Wannan ƙari ba haƙƙin mai shago ba ne, kuma shirun da muke yi a kansa shi ke ba shi ƙarfi.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa, kuma a nan masu cajin ke fakewa. Akwai mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin tashar Agege ko a Idi-Araba, wanda sana'arsa ke nan ya ba ka tsabar kuɗi ka tura masa ta kati. Wannan hidima yake sayarwa, ya faɗa maka ladansa tun kafin ya karɓi katin, ka ga dama ka biya, ka ga dama ka wuce gaba. Ana iya kukan tsadarsa, musamman ga wanda bai manta da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba, amma ba ɓoye ya yi ba. Shi kuwa mai shagon da ya sayar maka da shinkafa ko magani ko man fetur, na'urar da ke gabansa hanyar karɓar kuɗin kayansa ce. Ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya kan na'urorin POS sun hana ɗan kasuwa sa wa mai biya da kati farashi daban ko ɗora masa wani ƙari. Kuɗin hidimar na'urar a wuyan ɗan kasuwa yake, kuma a jadawalinsa na 2020 Babban Bankin ya ƙayyade shi a rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kada ya wuce naira 1,000 komai yawan cinikin.

A lissafa. Cinikin naira 40,000 kuɗin hidimarsa naira 200 ne. Wanda ya ce ka ƙara masa 500 ya sauke nauyinsa a kanka, sannan ya ci ribar 300 a kan nauyin.

Ba yau aka fara wannan rigima ba. A ƙarshen 2019 gidajen mai da manyan shaguna suka shiga karɓar naira 50 daga duk mai biya da kati da sunan kuɗin hatimi. Jama'a suka yi ca, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta ce hakan ya saɓa doka, Babban Banki ya ce a daina. Kuma dokar da ta kafa hukumar, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta hana a tilasta wa mai saye biyan abin da ya wuce farashin da aka nuna masa.

Na san hujjar ƴan kasuwa, domin da yawansu ƴan'uwanmu ne. Mai sayar da albasa a Mile 12 zai ce maka ribarsa a buhu ba ta taka kara ta karya ba, ga kuɗin mota daga Arewa, ga na lebura, ga na rumfa, ga wanda ya ruɓe a hanya, sannan a zare masa wani abu a kowace shigar kuɗi. Gaskiya ya faɗa. To amma shi kansa bai taɓa cewa mai saye ya biya masa kuɗin lebura daban ba, ya san yadda yake sa shi a cikin farashi. Haka ya kamata kuɗin na'ura ya shiga, a faɗe shi a ciniki tun farko. Malamanmu sun sha nanata cewa ciniki sai da yarda, yarda kuma sai an san farashi. Wanda aka sanar da shi ƙari bayan an ɗaure masa kaya an ɗora a baro, ga layi a bayansa, kunya ce ta sa ya biya.

Na tsaya a wani shagon magani a Agege, wata dattijuwa a gabana ta zo karɓar maganin hawan jini. Yarinyar shagon ta danna kuɗi ta juyo mata da na'urar. Dattijuwar ba ta karatun boko, sai ta miƙa wa jikanta risit ɗin, yaron ya duba ya ce, "Hajiya, ai an ƙara ɗari biyu." Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce, "Bar su, Allah ya isa," ta ƙulle maganin a gefen mayafinta. Allah ya isa addu'ar wanda aka zalunta ce, kuma ba ta faɗuwa ƙasa. Sai dai ɗari biyun ta tafi, gobe kuma wata za a yi wa.

Bankuna ma ba a bar su a baya ba, nasu ma ya fi wuyar gani domin a cikin asusu yake faruwa. Babban Banki ya fitar da jadawalin cajin da aka yarda banki ya yi, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. A ciki, kuɗin kula da katin naira na asusun ajiya naira 50 ne duk wata uku, ba duk wata ba. Tura kuɗi naira 10 ne, ko 25, ko 50, gwargwadon yawan abin da aka tura, sai harajin VAT a kan cajin. Daga Maris 2025 cajin cirar kuɗi a ATM na bankin da ba naka ba ya koma naira 100 a kan kowace 20,000. Ana sabunta irin waɗannan lambobi lokaci zuwa lokaci, amma a rubuce suke, kuma abin da ba ya cikin jadawali kana da damar tambayar dalilinsa. Masu katin bashi, wanda ba shi da yawa a hannun mutanenmu saboda gudun riba, su ne suka fi buƙatar karanta takardar yarjejeniya, domin a can ake binne tarar jinkirin biya da kuɗin cirar tsaba.

Hanyar ƙorafi tana nan, rashin bin ta ne matsalar. A shago, ka tambayi jimillar kuɗi kafin ka miƙa kati, ka dubi fuskar na'urar kafin ka sa lambar sirri, ka karɓi risit. Idan an ƙi cire ƙarin, ka ajiye risit ɗin ka kai wa FCCPC, ko hukumar jihar Legas ta kare masu sayayya, LASCOPA. Idan banki ne, ka nemi takardar bayanin asusunka, ka rubuta ƙorafi da kwanan wata da adadin kuɗin, kada ka bar wurin sai an ba ka lambar ƙorafi. Maganar baka da ma'aikacin kanta ba ta zama shaida. Banki yana da mako biyu zuwa wata guda, gwargwadon irin matsalar, idan ya yi biris sai ka ɗaukaka zuwa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki. Kuɗin da aka zare a POS ciniki bai shiga ba kuwa, tun 2020 aka ce a warware shi cikin awa 72.

Za a ce wa zai bar rumfarsa ya yini a banki saboda naira ɗari biyu. Wannan tambaya tana da nauyi, kuma a kanta masu cajin suka dogara. Shi ya sa nake ganin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Muna da sarakunan Hausawa a unguwannin Legas, muna da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin masu kayan gwari da mahauta. Su zaunar da ƴaƴansu a yanke cewa babu ƙarin kati bayan ciniki, masu POS na cirar kuɗi kuma su rubuta ladansu a allo kowa ya gani. A kuma sami matasa biyu ko uku masu ilimi a kowace kasuwa, waɗanda za su riƙa duba wa dattawa bayanin asusunsu, su tara ƙorafe-ƙorafe iri ɗaya su kai banki a takarda guda da sunan ƙungiya.