"A ɗakinsa ya cika" ba kullum ne abin alfahari ba

Makon jiya na je ta'aziyyar wani dattijo mai sayar da goro a Agege, Legas. Kowa ya zauna sai ka ji: "Alhamdulillahi, a ɗakinsa ya cika, ba a gadon asibiti ba." Wani ma ya ɗora da cewa ai mu ba Turawa ba ne da za mu yar da tsofaffinmu. Na yi shiru don wurin makoki ne, amma raina ya ɓaci. Masu wannan magana su ne suka yi mako uku suna jin nishinsa ta bango. Ciwon daji ya ci jikinsa, abin da 'yarsa ke ba shi kuma bai wuce farasitamol da rubutu ba.

Baban nan bai zaɓi gida ba. Kuɗi ne suka ƙare, aka ce da iyalinsa "ku je da shi gida, a ci gaba da addu'a", kowa kuwa ya san fassarar wannan.

Ba na musun cewa yawancin tsofaffi sun fi son su cika a gaban iyali, a laƙƙana musu kalmar shahada. Ni ma haka nake fata. Amma so kaɗai ba ya yanke inda mutum zai mutu. Abin da ke yankewa shi ne ko akwai mai jinya dare da rana (kusan kullum mace ce, wadda za ta ajiye sana'arta), ko ɗakin zai ɗauki majinyaci, ko akwai ma'aikaciyar jinya mai leƙowa, da kuma ko akwai maganin kashe zafi na gaske. A Idi-Araba ko Mile 12, inda mutum shida ke kwana a ɗaki guda, banɗaki kuma na gida duka ne, wanne daga cikin waɗannan ake da shi? Shi ya sa da ciwo ya tsananta tsakar dare ake kinkimar tsoho a Keke Marwa a koma asibitin da ya sallame shi, ya ƙarasa a bakin ƙofa. Wasu kuma "gida" a wurinsu Kano ce ko Sakkwato, sai a saka mai numfashi sama-sama a motar dare, tafiyar kusan kilomita dubu.

Maganin da ake bukata, mofin na sha mai kashe raɗaɗi mai tsanani, ba mai tsada ba ne. Tsoro ne ya kewaye shi. Tun da aka haramta maganin tari mai kodin a 2018, ake yi wa duk wani magani mai ƙarfi kallon ƙwaya, har iyalai na cewa kar a mayar da Baba ɗan maye. Mutumin da saura masa kwana ashirin! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 14 cikin 100 kacal na masu bukatar irin wannan kulawa ta rage wa mai ciwon ajali raɗaɗi ke samunta a duniya. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashenta tun 2007, don haka kada wani ya ce baƙon abu ne.

Masu cewa a gina gidajen ajiye tsofaffi ba su san mu ba, babu wanda zai kai uwarsa. A sa ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su riƙa zagayawa da magani. Kwamitocin masallatai da fadojin Sarakunan Hausawa kuwa, da ba sa minti goma ba su haɗa kuɗin likkafani da motar maƙabarta ba, su fara haɗawa tun majinyacin yana iya cewa "nan ke min ciwo".