Barin Sara Gama a gida a 2023 kuskure ne, kuma ina nan kan bakana

Masu bibiyar ƙwallon mata, ku matso mu yi maganar Sara Gama. Ta yi ritaya a 2025 bayan ƙungiyarta Juventus ta sake ɗaukar kofin Serie A, babbar gasar lig ta Italiya, an yi ta yabo da jinjina, amma ni har yanzu abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda Italiya ta tafi gasar cin kofin duniya ta 2023 ba tare da ita ba.

'Yar wasan baya ce, haifaffiyar Trieste a 1989, mahaifinta ɗan Kongo, mahaifiyarta 'yar Italiya. Ta buga wa Tavagnacco da Brescia, ta je Paris Saint-Germain a 2013 ta yi shekara biyu, ta dawo Brescia ta ci kofin ƙasa. Da Juventus ta kafa ƙungiyar mata a 2017, ita aka ɗaura wa kambun kyaftin, suka ɗauki kofi sau biyar a jere. Shugabancin kuma ba sabo ba ne a wajenta, don ita ce kyaftin lokacin da 'yan matan Italiya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ci kofin Turai a 2008.

A 2019 ta jagoranci babbar tawagar matan Italiya zuwa gasar duniya a Faransa, bayan Italiya ta yi shekara ashirin rabonta da gasar duniya. A wasan farko da Ostireliya ita ce ma ta jawo musu fenariti a kan Sam Kerr. Wata da tuni jikinta ya mutu. Ita kuwa ta ci gaba da tsara 'yan bayanta, tana nuna wa kowa inda za ta tsaya, har Barbara Bonansea ta zura biyu aka tashi 2-1. Sai da suka kai zagayen kwata fainal kafin Holan ta cire su.

To, a 2023 kocin Italiya Milena Bertolini ta ce sabon jini take so. Ta ajiye Gama mai shekara 34, ta ɗauki Giulia Dragoni mai shekara 16. Ba ni da matsala da ɗaukar yarinyar, kuma na yarda gudun Gama ya ragu. Amma wa ya ce sai ta buga kowane wasa? A tawagar mutum 23, a rasa kujera ɗaya ta wadda kowa ke jin maganarta?

Ku tuna wasan Suwidin a gasar ta 2023. Italiya ta riƙe wuta har kusan minti arba'in, sai Amanda Ilestedt ta sa kai a bugun kwana. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura musu uku, aka tashi 5-0. An rasa wadda za ta daka tsawa ta ce a nutsu. A wasan Afirka ta Kudu kuwa, canjaras kawai suke nema su wuce zagaye na gaba, sai 'yar baya ta mayar da ƙwallo gida ba ta duba inda mai tsaron raga take ba, ta faɗa ragarsu. Thembi Kgatlana ta ƙarasa su a mintunan ƙarshe, 3-2. Na taya Banyana Banyana, wato 'yan matan Afirka ta Kudu, murna, wannan daban, amma irin wannan ruɗewar ce babba ke hanawa a fili.

Kuma girman da sauran 'yan wasan ke ba ta ba a banza ta same shi ba. Kafin Yulin 2022, doka ba ta ɗauki matan da ke buga Serie A a matsayin ƙwararrun ma'aikata ba, ba cikakken kwantiragin aiki, ba fansho. Gama na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka sauya hakan, kuma a 2020 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙwallon Italiya.

Bertolini ta bar aiki bayan gasar. Andrea Soncin da ya gaje ta bai ɓata lokaci ba ya sake kiran Gama, ta yi bankwana da rigar ƙasa a Fabrairun 2024 a wasa da Ailan, wasanta na 140. Duk mai ganin an yi daidai da aka bar ta a gida, ya je ya sake kallon wasan Suwidin daga minti na 39, sannan ya dawo mu yi gardama.