Matasa, ku tuna ƙaryar da aka yi da sunan Nijar aka rushe Iraƙi

'Yan uwana matasa, abin da ke damuna shi ne yadda muke rige-rigen ɗaukar ɓangare duk lokacin da yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa. Sai ka ga an zauna a majalisa, kowa da waya a hannu, ana tafa wa wannan ana zagin wancan kamar masu kallon ƙwallo, alhali jinin mutane ne ke zuba. Da yawanku kuna goye, wasu ma ba a haife su ba, lokacin da Amurka da Ingila suka afka wa Iraƙi a Maris ɗin 2003. Ya kamata ku san yadda aka ƙulla abin.

Cewa aka yi shugaban Iraƙi na lokacin, Saddam Hussein, yana da makaman ƙare dangi. Cikin hujjojin da aka kafa har da wasu takardu masu nuna wai ya nemi sayen yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa makamin nukiliya da shi, daga Nijar. Da takardun suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, nan da nan aka gane jabu ne. Ɗaya daga ciki tana ɗauke da kwanan watan shekarar 2000, amma sa hannun da ke kanta na ministan harkokin wajen Nijar ne wanda ya bar kujerar tun 1989. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗi haka ƙarara. Ranar 20 ga watan bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.

Kada ku zaci duk Turawa ne suka yarda. Ranar 15 ga Fabrairu miliyoyin mutane sun cika titunan Landan, Rum, Madrid da wasu biranen suna cewa ba za a zubar da jini don man fetur ba. Minista Robin Cook ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin firaministan Ingila Tony Blair saboda wannan yaƙi. Duk da haka aka yi, kuma har yau ba a ga makaman ba. Sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu, 'yan Iraƙi kuwa sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba. Daga cikin ɓaraguzan nan ƙungiyar IS ta fito, wadda Boko Haram ta yi wa mubaya'a a 2015. Kun ga ke nan wutar ta iso har ƙofar gidanmu.

A ganina tsoro ne ya share wa ƙaryar hanya. Man da Amurka ke haƙowa a gida ya yi ta raguwa tun bayan 1970, masana suna ta gargaɗin cewa na duniya ma ya kusa fara ja da baya, ga Iraƙi kwance a kan ɗimbin mai. Da sojoji suka shiga Bagadaza, ma'aikatar mai suka yi wa gadi, aka bar ɓarayi suna wasoson gidan tarihi. Abin takaicin shi ne daga baya Amurkan ta samu dabarar tatso mai daga duwatsun ƙasarta, har ta zarce kowa wajen haƙowa. Waɗanda suka mutu kuwa sun mutu.

Don Allah, idan bidiyo ko saƙon murya ya zo muku a WhatsApp yana kiran a far wa wasu mutane, ku dakata. Wa ya fara yaɗa shi? Me ke ƙarƙashin ƙasar mutanen da ake so ku ƙi? Allah ya umurce mu a Suratul Hujurat da mu nemi bayani idan fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cuci wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama.

Sannan ku sani arzikin ƙarƙashin ƙasa yana ƙarewa da gaske. Ramin yuraniyom na Akuta da ke kusa da garin Arlit a Nijar, bayan an shafe sama da shekara 40 ana kwasa, an rufe shi a Maris ɗin 2021 saboda ma'adinin ya ƙare. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, aka bar wa garin tulin sharar ma'adini mai guba. Ina roƙon masu karatu cikinku, wasu su karanci ilimin ma'adinai, wasu shari'ar kwangiloli, domin idan za a sa hannu kan zinariyar Zamfara ko man Agadem a samu namu a teburin da zai iya karanta takardar layi-layi ya ce ga inda aka cuce mu.