Sauke baƙo a gidan hayar da ba shi da zaure

A Kano ko Damagaram, ginin gida ne ke ɗaukar rabin nauyin baƙo. Namiji ya kwana a zaure ko a shagon samari, mace ta shige ɗakin uwargida, idan wuri ya cika maƙwabci ya ba da aron ɗaki. Shi ya sa ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa. A gidan haya mai ɗaki da falo a Landan ko Manchesta, babu ko ɗaya cikin waɗannan. Ra'ayina shi ne, kunyar da ke kyautata baƙunci a gida ita ce ke ɓata shi a nan. Abin da ginin gida ke yi mana shiru, a Ingila sai mai masauki ya faɗe shi da baki, tun baƙo bai taso ba.

Na farko, ranar komawa. Ba sai an ce "yaushe za ka tafi" ba. A ce, "Kawu, tikitin komawar na wace rana ne, don in nemi hutu a wurin aiki?" Hujjar tana da ƙarfi: takardun haya da yawa suna ƙayyade kwanakin da baƙo zai yi ba tare da izinin mai gida ba, kuma ɗakunan ɗalibai da gidajen da ake haɗa kicin da wasu sun fi tsanani. A karanta takardar kafin a ce bismilla. Bizar ziyara tana kai wata shida, wasu 'yan'uwa kuma sukan ɗauka duk watannin nasu ne a falonka.

Sai makwanci. A gida tabarma ko katifa a ƙasa ta wadatar. A nan galibi katifar iska ake saye, mai mutum biyu tana cin kusan santimita 140 a faɗi da 190 a tsawo. A auna falo tukuna, a bar hanyar kamar santimita 60 zuwa banɗaki da ƙofar fita, in ba haka ba duk mai zuwa fitsari da dare sai ya tsallake baƙo. Sabuwar katifa takan saki a daren farko domin robar tana miƙewa, ba wai ta huje ba. A hura ta kwana ɗaya kafin zuwansa, a ƙara iska kafin kwanciya. Babban kuskure shi ne tara barguna a sama kawai. Iskar cikin katifa tana ɗaukar sanyin daɓe ta zuƙe ɗumin jiki ta baya, don haka bargo mai kauri ɗaya a ƙarƙashin zanin gado ya fi biyu a sama. Kada a jingina ta da hita. Dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya tashi daga ƙasa ba, shi kam a bar masa gadon ciki, masu gida su dawo falo. Haka idan suruka ta zo jego: ita da 'yarta da jariri a ɗaki, miji a falo, kuma ya tanadi jallabiya kusa da kai, domin hanyar banɗaki ɗaya ce.

Banɗakin ne inda aka fi samun ɓarna. Namu na gida akwai magudana a ƙasa, ka kwara ruwa ya wuce. Na nan yawanci leda ce ko tayil a kan katako, babu rariya. Ruwan buta ko na alwala da ya zuba yana bin gefen bango ya sauka a silin na ƙasa, kuma kuɗin gyara daga kuɗin ajiyar da ka ba mai gida lokacin kama haya za a cire. A nuna wa baƙo tun ranar farko: wanke ƙafa cikin bahon wanka, labulen wanka ya kasance ta ciki, ga tsumma a gefe. Idan gidan mai tankin ruwan zafi ne, wanka biyu masu tsawo sun isa su ƙarar da shi, na uku sai ya jira fiye da rabin awa. Mai fita aiki ya fara shiga.

Akwai kuma raɓa. Mutum huɗu a gidan da aka yi don biyu, ga tukunya a wuta, ga wanki a kan hita, da safe gilashin taga zai jiƙe, cikin makonni baƙin tabo ya fito a kusurwa. Wanda ya zo daga Sakkwato ba zai yarda a buɗe taga a watan Janairu ba, amma minti goma kowace safiya dole ne, a kuma jingine katifa ta sha iska. Turaren wuta, wanda a gida shi ne maraba da baƙo, yana iya tayar da ƙararrawar hayaƙi, a wasu benaye ta tashi kowa. Kada a cire mata batir. A yi amfani da humra ko turaren fesawa.

Hira ma tana da lokaci. Dokar hana hayaniya ta 1996 ta ɗauki ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin dare, bango kuma ba shi da kauri. Kiran bidiyo zuwa gida da murya sama, ko karatu da ƙarfi bayan Asuba, wadda a watan Yuni take shiga wajen ƙarfe uku, duk maƙwabci yana ji.

Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ban musa ba. Amma idan baƙin iyali guda ne, ko mace da namiji da ba muharramai ba, falo ɗaya ba zai ɗauka ba. A raba su tsakanin 'yan'uwan da ke gari, kamar yadda unguwa ke yi a gida, ko a haɗa kuɗi a kama musu ɗaki a ƙaramin otal kusa, abinci da hira su kasance a wurinka. A sanar da su wannan tsarin ta waya kafin su sayi tikiti, ba a filin jirgi ba.