Gidan bene ba shi da zaure, ina za a ajiye wasiƙar ɗan haya?

A gidan Bahaushe na gargajiya ba a taɓa yin gardama kan inda saƙo zai tsaya ba, domin zaure yana nan. Ɗan aike ya yi sallama, yaro ya fito, takarda ta isa hannun maigida ba tare da baƙo ya taka cikin gida ba. Yanzu kuwa benaye masu hawa biyu da uku suna ta tashi a Birnin Kebbi, wasu na 'yan haya zalla, wasu shaguna a ƙasa ofisoshi a sama, amma da wuya ka ga wanda maginansa suka tanadar wa abin da zai maye gurbin zauren.

Wani zai ce ai zamanin wasiƙa ya wuce tunda WhatsApp ya zo. Wasiƙar gaisuwa kam ta tafi, amma sammacin kotu da takardar kuɗin wuta da saƙon banki da kayan da aka saya ta intanet har gobe ƙofa suke nema. A yawancin benayenmu duk waɗannan a hannun maigadi suke ƙarewa, ko a wurin mai shagon ƙasa. Ban ga laifin maigadi ba, domin ba don wannan aka ɗauke shi ba, sau da yawa ma ba ya karanta boko, kuma ranar da ya bar aiki takardun da ke ƙarƙashin tabarmarsa sun bi ruwa. Idan kuwa aka ce ɗan aike ya hau sama yana ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, an keta haddin matan aure da ke ciki, abin da al'adarmu da addininmu ba su yarda da shi ba.

A ganina tushen matsalar shi ne yadda doka ta rarraba aikin. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya harkar gidan waya a hannun gwamnatin tarayya kaɗai, kuma hukumar NIPOST, wadda aka kafa a 1985, ita ke gudanar da ita. Kundin nan dai ya ɗora wa ƙananan hukumomi raɗa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, yayin da izinin gini yake hannun jiha, wato hukumar raya birane ta KUDA a nan Kebbi. Kowa yana riƙe da nasa ɓangare, sai ya zamana tazarar da ke tsakanin bakin titi da ƙofar ɗan haya ba ta da mai ita. Shekara da shekaru an rufe wannan giɓi da hayar akwati a gidan waya, amma ma'aikacin kotu ko ɗan kabu-kabun da aka bai wa kaya ba ruwansu da wannan akwati. Lambar yanki ta gidan waya mai alƙaluma 6 da ake rubutawa a adireshi ma iyakarta ta kai saƙo gari ko unguwa.

Faransa ta warware wannan tun 1979, lokacin da ta wajabta wa sababbin gine-gine akwatunan wasiƙa masu girma iri ɗaya a inda ma'aikacin gidan waya zai iya kaiwa. Ba sai mun kwaikwayi ma'auninsu ba, amma babu abin da zai hana KUDA ta ƙi amincewa da zanen duk benen da iyalai ko ofisoshi da yawa za su zauna sai an nuna wurin akwatuna a hawan ƙasa, kusa da mashiga, inda ruwan sama da ƙurar hunturu ba za su same su ba. Kowane sashe da akwatinsa da makullinsa, wanda za a miƙa wa ɗan haya tare da makullin ɗaki. Aikin mai walda ne na 'yan kwanaki, kuma kuɗinsa bai kai na ƙofar shiga da mota ba.

Akwai dai abubuwa biyu da ya kamata ƙa'idar ta fayyace. Sammaci da wasiƙar rajista suna buƙatar sa hannun mai su, don haka abin da za a jefa a akwati shi ne 'yar takardar sanarwa kawai. Sannan a wannan yanayi na rashin tsaro da yankinmu ke ciki, ba hikima ba ce a rubuta sunan mutum a bakin ƙofa kowa yana karantawa. Lambar sashe ta wadatar, muddin ita ce a rubuce a jikin ƙofar da ke sama, kuma ita ce a cikin yarjejeniyar haya.